Ƙafar Da Aka Auna Da Tsinken Tsintsiya

A lokacin da abin nan ya same ni, ni saurayi ne, ƙaramin ticha a wata firamare ta mishan a Kafanchan, ban daɗe da barin ƙauyenmu da ke gefen Fadan Kagoma ba. Yaƙin basasa bai jima da ƙarewa ba, 'yan kasuwar da suka gudu sun fara dawowa, a cikinsu har da wani mai baza ƙananan littattafan soyayya a bakin tashar jirgi. Waɗannan littattafai su ne abincina. A cikinsu kullum saurayin talaka ne mai farar zuciya, ya sha wuya, a wulaƙanta shi, sannan a shafi na ƙarshe budurwa ta gane darajarsa ta faɗi a ƙafarsa tana kuka. Na karanta su har na ɗauka haka Ubangiji ya tsara duniya. In ina tafiya a titi sai in riƙa jin kamar akwai wani a gefe yana rubuta labarina, kuma ya riga ya tanadar mini ƙarshe mai daɗi. Edita, ban rubuto wa jaridarku don a ji tausayina ba. Na rubuto ne domin na san har yanzu akwai samari masu irin zuciyar da nake da ita.

Ba ni da keke, ba ni da rediyo, rigar zuwa majami'a ma ta yayana ce. Abin da na mallaka da ba na aro ba shi ne ƙafafuna. Tun ina yaro da gudu nake zuwa makaranta daga ƙauye, babu takalmi, ta cikin gonakin citta da kan duwatsu. Tafin ƙafata ya yi kauri kamar busasshiyar fatar shanu, ƙaya in ta soke ni ita ce ke karyewa. Takalmi sai in zan shiga aji nake sa wani silifas mai faɗi, da an tashi kuma in cire in riƙe a hannu.

Akwai wata yarinya a cikin mawaƙan majami'armu, tana koyon ɗinki a kasuwa. Na shekara ina kallonta daga bencin baya, na ba ta sunaye iri-iri a raina, amma ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba. Wata Asabar da yamma, bayan an gama koyon waƙa ana share majami'a, sai kawai ta tsaya a gabana da tsintsiya a hannu. Ta kira ni Ticha, ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin ƙafa irin tawa ba, wai ko da ita nake yin kunyar doya a ƙauye. Ƙawayenta suka fashe da dariya. Ta ce in taka ƙasa da kyau, kada in motsa. Ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyar, ta durƙusa, ta auna tsawon ƙafata ta karya, ta sake zaro wani ta auna faɗin ta karya, kamar yadda iyayenmu mata ke yi in za su sayo wa yaro takalmi a kasuwa ba tare da shi ba. Na tambaye ta na mene ne, ta ce in ba na son a ce ticha ya cika tambaya in yi shiru, zan gani. Ta ɗaure tsinken a bakin zane ta tafi. Ni kuwa na koma ɗaki ƙafata tana mini ɗumi a inda yatsunta suka taɓa. Na gama yanke wa kaina cewa safa za ta saƙa mini, kuma wannan shi ne babi na farko.

Ba a yi mako ba sai ga wani tsohon soja ya zo makarantarmu yana nemana. Kowa a gari Saje yake kiransa, ya bar soja ya kama aiki a reluwe, kuma shi ke shugabantar wata ƙungiyar masu gudu, samari ma'aikatan jirgi da ticoci. Ya ce mini an aiko daga Kaduna za a yi gudun fanfalaki, irin na mil ashirin da wani abu, kuma yankinmu mutum ɗaya tak aka ba shi. Za a yi gwaji bayan damina, wanda ya zo na ɗaya shi zai tafi. Ya dafa kafaɗata ya ce ya ji labarin ƙafafuna, kuma zunubi ne a bar baiwa irin wannan tana ruɓewa a aji. Da na ji cewa gwanin ƙungiyar, wani dogon akawu a ofishin reluwe, yayan yarinyar nan ne ciki ɗaya, sai na ga komai ya haɗu. Na ce a raina ita ce ta yi mini hanya don ta jawo ni kusa da gidansu.

Dole in faɗi gaskiya, ban taɓa jin daɗin zama da mutane kamar yadda na ji a farkon shigata ba. Da asuba muke haɗuwa a filin da ke bayan loko, inda ake gyaran jiragen ƙasa, mu yi da'ira, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, Saje ya yi addu'a, sannan mu kama hanyar Kagoro. Suna da wata doka da ta shiga raina: ba wanda zai tafi gida sai na ƙarshe ya iso, kuma in ya ɓullo sai a tashi tsaye a tafa masa kamar shi ya ci. Kullum na ƙarshen wani ticha ne mai jiki, ya girme mu duka, muna ce masa Babba. Yana isowa yana haki sai a ce ga jirgin kaya ya shigo tasha, shi kuma ya ce ai jirgin kaya ne ke ciyar da gari. Sai a zauna a sha kunun acca a ƙwarya ɗaya, a murza wa juna ƙwauri da man kaɗe. Ni da na taso ba wanda ya taɓa tambayata ko na gaji, ga akawun reluwe ya ɗora ƙafata a cinyarsa yana murzawa yana kirana ƙanena.

A makon farko babu takalmi nake gudu, kamar yawancinsu. Wata safiya a hawan da ke kusa da dutsen Kagoro na ji jikina ya yi sauƙi, na saki ƙafa, na wuce gwanin nan na bar shi a baya, har na isa na huta kafin ya ƙaraso. Ranar an ɗan yi jinkiri kafin a tafa mini. Na ga Saje da gwani sun kalli juna, amma sai na fassara kallon da mamaki.

Kashegari bayan addu'a Saje ya ce kada a watse. Ya buɗe wata jaka ya fito da takalmin gudu na fata, fari mai ratsin shuɗi, sabo fil, irin wanda sai a hoton jarida muke gani. Ya ce wani mai ƙaunar ƙungiya ne ya kawo shi daga Ingila, kuma dattawan ƙungiya sun zauna sun ga ni ne zan sa shi. Aka tafa, aka rungume ni. Na durƙusa na karɓa hawaye na zuba. Da na cusa ƙafa sai na ji kamar an sa ni a bakin ƙofa an rufe. Na ce ya matse ni. Saje ya yi dariya ya ce ɗan ƙauye ke nan, ai haka takalmin Bature yake, shi da ƙafa kamar ango da amarya ne, sai an yi haƙuri da juna kafin a saba. Ya ce kowace safiya a tsoma shi a ruwa in sa shi da danshinsa, in ja igiya da ƙarfi, kuma kada in kuskura in sake yin gudu ba shi, don kada ƙafar ta manta. Bayan kowane gudu gwani ne ke karɓar takalmin ya tafi da shi gida, wai zai goge ya ajiye mini saboda ɗakina yana yoyo. Na riƙa ba mutane labarin tawali'un wannan bawan Allah.

Haka na yi damina guda a cikin jiƙaƙƙen takalmi. Da farko ƙuraje masu ruwa suka fito a dunduniya da gefen yatsu, suka fashe, wasu suka fito a kansu. Faratan manyan yatsuna suka yi baƙi, ɗaya ya fita a cikin takalmin, na zazzage shi kamar tsakuwa. Kaurin nan na tafin ƙafata da na tara tun ina yaro ya jiƙe ya yi fari, ya riƙa saɓulewa, har ƙasan ya koma laushi kamar na jariri. Gudu na ya ragu, gwani ya dawo gaba, sannan wasu ma suka fara wuce ni. Amma kulawar da ake mini ta ƙaru. Su ne ke dafa ruwan gishiri su tsoma ƙafata, su shafa mini shuɗin maganin nan na ciwo, har yarinyar ta riƙa aiko da ƙyallayen ɗinki masu tsabta a ɗaure mini. Na ɓoye ɗaya a ƙarƙashin matashi. Kowace safiya Saje sai ya latsa gaban takalmin da babban yatsa ya ce yana zuwa, yana zuwa, saura kaɗan. Na ɗauka ni yake nufi.

Mutum ɗaya ne ya taɓa cewa wani abu. Wata rana muna komawa, Babba ya rage tafiya har muka rage mu biyu, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, Ticha, da ni ne kai da na riƙa fita da yamma ni kaɗai in yi gudu ƙafa a ƙasa. Na ce masa Saje ya hana. Ya ce to. A littattafaina kullum akwai mai hassada a kusa da saurayi, don haka na sa Babba a wannan gurbin, na daina zama kusa da shi wajen shan kunu.

Ranar gwaji ta zo bayan ruwa ya ɗauke. Mutanen Kaduna suka iso da mota, masu gudu suka zo daga Zonkwa da Kwoi da Kagoro, gari ya taru a bakin hanyar Gidan Waya. A nan za a fara, a je a juyo, a dawo. Na sa takalmina, kuma a karo na farko na ji ya zauna mini daidai, babu inda yake cizo. Na ce Ubangiji ya ji kukana. Muna tsaye a layi sai Saje ya zo ya ce in ciro takalmin ya duba igiyar, kada ta tsinke a hanya. Na zauna na cire na miƙa masa. Bai ko dubi igiyar ba. Ya juya ya miƙa wa gwani, wanda ke zaune a kan dutse da sabuwar safa a ƙafa. Gwani ya zura ƙafarsa, ta shige sumul kamar a jikinsa aka ɗinka. Yarinyar ta fito daga cikin jama'a ta durƙusa, irin durƙuson da ta yi a gabana a majami'a, ta ɗaure wa yayanta igiya.

Na ce Saje, nawa fa? Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce haba Ticha, kai da kake ɗan daji, ai ba takalmi ka fi gudu, ko ka manta ranar Kagoro? Wani daga cikin 'yan ƙungiyarmu ya ce a bar wa biri takalmi ai sai ya faɗo daga itace. Aka yi dariya, har da baƙin da ba su san zancen ba. Ana cikin dariyar aka busa usur.

Da ina da hankali da na koma gefe na zauna. Amma a littattafaina wannan ne daidai wurin da saurayi ke tashi da jini a ƙafa ya ba duniya mamaki. Na bi su. An zuba sabuwar tsakuwa a hanyar ana gyara, irin mai kaifin nan da aka fasa daga dutse. A da ko a jikina, amma yanzu kowane taku kamar na taka kwalba. Tun ba mu bar gari da nisa ba tafin ƙafata ya tsage, na ji danshi a tsakanin yatsu, na ƙi dubawa. Rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi. Na riƙa hango fuskar yarinyar a gabana tana cewa in daure. Na daure har wata ƙaramar gada, a nan ƙafafun suka ƙi ɗaukata, na kife a gefen hanya, bakina cike da ƙasa.

Ina nan kwance na gaba suka juyo. Gwani ne a gaba, farin takalmin yana tashi yana sauka, bai ko juyo da kai ba. 'Yan ƙungiyarmu suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce sannu Ticha. Wani ya ce in matsa gefe kada a taka ni. Motar alƙalai ta tsaya, wani ya leƙo ya ce za su aiko, ta wuce. Na ce a raina ba komai, akwai doka, ba wanda zai tafi gida sai na ƙarshe ya iso, za su ga babu ni su dawo. Na ja jiki zuwa inuwar wata ɗorawa na zauna ina kore ƙudaje daga ƙafata, ina kallon hanya. Can daga nesa na jiyo ganga da sowa a gari. Sun ɗauki gwani a kafaɗa sun wuce da shi gida.

Rana ta karkata kafin in hango mutum yana turo keke. Babba ne. Ya dubi ƙafafuna ya kau da kai, ya cire rigarsa ya yage ta biyu ya ɗaure su, ya ɗora ni a keken yana turawa. A hanya na tambaye shi, ya kuwa faɗa mini, muryarsa a ƙasa. Takalmin na gwani ne tun farko, kawunsu ya kawo masa daga Ingila, amma ya matse shi. Sun cusa tsumma, sun cusa jiƙaƙƙiyar masara, bai buɗe yadda ake so ba. Saje ya ce fata sai ƙafa mai rai tana gudu a ciki take buɗewa, a nemo wanda ƙafarsa ta ɗan fi ta gwani. Yarinyar ta auna ƙafafun samari da dama a majami'a da kasuwa, tawa ce ta zo daidai. Na ce to me ya hana a roƙe ni kawai? Ya ce an yi wannan maganar, Saje ya ce ba mahaluƙin da zai jure wa wannan azaba sai in ya ɗauka takalmin nasa ne. Na ce ranar Kagoro fa? Ya ce daga ranar kowa ya gane ni kaɗai ne zan iya kayar da gwani, kuma da aka ga abin da takalmin ke yi wa ƙafata, ba wanda ya ce a tsaya. Na ce har da kai. Ya ce har da shi. Ya ci gaba da tura keken har muka isa asibiti.

Abin da ya fi tsakuwar ciwo shi ne ba su ga laifinsu ba. Ranar Lahadin da aka yi godiya a majami'a kafin gwani ya tafi Kaduna, na je da sanda. Saje ya miƙe a gaban ikkilisiya ya ce a tafa wa ƙaninmu Ticha, wanda ya ba da ƙafarsa domin ɗan'uwansa ya ɗaga sunan garinmu. Aka tafa, mata suka yi guɗa. Daga ranar sunana ya koma Mai Buɗa Takalmi, a kasuwa mutum ya ɗaga mini sabon takalminsa ya ce Ticha, yaushe kake da lokaci. A bakin majami'a na tare yarinyar, na ce mata ashe abin da tsinken yake nufi ke nan. Ta dube ni da mamaki na gaske, ta ce Ticha, ni na taɓa cewa ina sonka? Ta ce ita ba ta taɓa ganin namiji yana hawaye a kan takalmin da ba nasa ba, ta gyara ɗankwali ta bi ƙawayenta. Gwani ya je ya dawo da takardar yabo. Ya same ni har makaranta ya rungume ni, ya ce takalmin bai cije shi ko sau ɗaya ba, sai dai na ɗan karkatar da dunduniyar hagu, nan gaba in riƙa lura.

Ban sake gudu ba. Na nemi canji zuwa wata makarantar ƙauye, har yau farcen babban yatsana na dama bai dawo ba, kuma in na taka tsakuwa sai na ɗingisa. Na daɗe ina tambayar kaina ko kunun nan da man kaɗen duk ƙarya ne. Yanzu ina ganin ba ƙarya ba ne, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Sun so ni yadda manomi ke son garmarsa, ya wasa ta, ya ɓoye ta daga ruwa, amma ba zai tambaye ta ko tana son noman ba. Ni kuma na taimake su, domin na riga na rubuta wa kaina labari, duk abin da na gani sai na tura shi ya shiga ciki. Gargaɗi ɗaya aka yi mini, na kira shi hassada.

Samari, ku shiga ƙungiya, ku yi zumunci, ba na hana ku. Amma in mutanen da jiya ba su san sunanka ba suka wayi gari suna kiranka ƙanena, ka tsaya ka tambaya me suka auna a jikinka. In abu yana maka ciwo kullum, masu shafa maka magani kuma su ne masu cewa ka ƙara sa shi gobe, ka cire shi ka taka ƙasa da ƙafarka. Kuma kada ka raina wanda ya rage tafiya don ya yi maka magana a hankali.

Bara kafin Kirsimeti matata za ta je kasuwar Kafanchan, ta ce za ta sayo mini takalmi. Ina zaune a tsakar gida ta zaro tsinke daga tsintsiya ta durƙusa a gabana. Ban san lokacin da na janye ƙafata har na ture kujera ba. Ta tsaya da tsinken a hannu tana kallona, ta ce Baban yara, lafiya? Shekarunmu da aure ban taɓa ba ta wannan labari ba, sai ranar. Ta saurara har na gama, ta jefa tsinken a murhu, ta ce in tashi in sa riga, tare za mu je in gwada da kaina.